Kambas a kan ƙanƙara: kwana biyu a tafkunan Tatra

Ƙafata dattijon ya fara duba. A ƙauyukan Poland na saba fuskata ake fara kallo, a ɗan kau da kai, a sake satar kallo. Shi kuwa wannan bawan Allah ko ɗaga ido bai yi ba. Ya tsaya da sandunansa biyu a hannu, ya ƙura wa takalmina ido kamar wanda ya ga kunama a shimfiɗar jariri. Kambas ne fari, wanda nake zuwa aji da shi a Krakow, ƙasansa ya sha kwalta har ya yi sumul. Ya nuna sama da haɓarsa ya ce, "Da wannan za ka hau?" Na ce e. Ya ja dogon numfashi, ya dubi abokina, ya ga nasa takalmin na kirki ne mai rufe idon sawu, sannan ya sake dubana.

Shekarata uku ke nan ina karatu a Krakow. In gari ya yi garau, daga tuddan bayan birni ana hango tsaunukan Tatra can kudu, jere kamar haƙoran zarto, tazarar kusan kilomita 100. Kullum sai in ce zan je, kullum sai wani abu ya gitta. Abokina, wani Bazazzagi da muke haya gida ɗaya, ya taɓa zuwa a watan Yuli, tun daga ranar kuma bai bar ni na sha ruwa ba. Wai Bakano dutsen da ya sani Dala ne da Goron Dutse, waɗanda tsohuwa ma ke hawa da carbinta a hannu. Nakan ce masa ai Kufena ma ba wani abin a zo a gani ba ne, amma a raina maganar ta zauna.

Ranar 1 ga Nuwamba hutu ce a Poland, ranar da iyalai ke cika maƙabartu suna kunna kyandir a kan kaburburan 'yan'uwansu. A bana hutun ya haɗe da ƙarshen mako, sai muka ce to ga dama. A Krakow lokacin ganye ne rawaya ke zuba a titi, rigar sanyi ɗaya ta ishe ka. Na duba hasashen yanayi na Zakopane, garin da ake tashi daga shi, na ga rana, sanyi kaɗan. Na ce ai hunturun Kano ma ya fi wannan cizo da asuba. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne Zakopane a gindin dutse take, mita 800 da 'yan kai sama da teku, inda za mu kwana kuwa mita 1,671 ne. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, ma'aunin zafi na sauka da kusan digiri 6 da rabi, ban da iska, ban da inuwa. Na karanta wannan a sakandare, na rubuta a jarrabawa, na ci, na manta.

Mun yi sallar asuba mun kama bas ta farko. Sa'a biyu da 'yan mintuna muka isa Zakopane, muka sauya zuwa ƙaramar motar haya da ke kai mutane Palenica Białczańska, inda hanyar mota ke ƙarewa ga kowa sai masu izini. Nan ake biyan kuɗin shiga gandun dajin Tatra, wanda aka kafa tun 1954. Daga nan kwalta ce miƙaƙƙiya, kilomita 9, har bakin Morskie Oko, tafkin da duk ɗan Poland ya sani ko da bai taɓa zuwa ba. A bakin hanya kekunan doki ke jere, kowanne dawakai biyu ƙarfafa, direbobin sanye da hular mutanen dutse mai ado da ƙananan wuri. An daɗe ana muhawara a ƙasar kan waɗannan dawakai, masu kare dabbobi na cewa lodin ya yi yawa a hawan, masu keken na cewa sana'ar iyaye ce. Ni da na ga jakin Kano ɗauke da yashi ban yi saurin yanke hukunci ba, amma tururin da ke tashi daga bayan dawakan a wannan sanyi ya sa na ji gara in taka da ƙafata.

Ba kwaltar muka yi niyyar bi har ƙarshe ba. Bayan kamar kilomita 3 akwai gada a kan wani ruwa mai faɗowa da ƙara, sunansa Wodogrzmoty, wato tsawar ruwa. Nan muka karkata dama, muka bar jama'a da hayaniyarsu, muka shiga kwarin Roztoka a kan hanya mai alamar kore. A tsaunukan nan kowace hanya da launinta, ana shafa fenti a jikin itace ko dutse, layin launi tsakanin farare biyu. Shirinmu mu hau Kwarin Tafkuna Biyar mu kwana, da safe mu tsallaka ta wata hanya mai alamar shuɗi da ake kira Świstówka, mu sauka a Morskie Oko ta sama.

Sa'a ta farko ba abin da ya faru sai daɗi. Daji ne na dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, da yawa sun bushe a tsaye, wasu iska ta kayar, kuma hukumar gandun ba ta kwashe su, tana barinsu su ruɓe a inda suka faɗi. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya gaishe mu. Abin ya ba ni mamaki, don a cikin birni maƙwabcinka ma da ƙyar yake ɗaga maka kai, amma a kan dutse gaisuwa al'ada ce, ba a wuce mutum shiru.

Sannu a hankali ƙasa ta fara sauyawa. Da farko fari-fari ne a kan ganye kamar an barbaɗa gishiri. Sai kududdufai suka koma kamar gilashi, in ka taka su ƙaras. Sai duwatsun da aka jera a matsayin matakala suka fara ƙyalli. Na ɗauka jiƙa ce, har na ɗora ƙafa na ji ta tafi ba da izinina ba. Daga baya aka yi mini bayani. Kwanaki kaɗan kafin zuwanmu dusar ƙanƙara ta sauka a sama. Sai wata iska mai ɗumi ta taso daga kudu, wadda mutanen nan ke kira halny, mai ƙarfin da kan tumɓuke itatuwa, ta narkar da dusar. Ruwan ya malale a kan duwatsu, iskar ta kwanta, dare ya yi sanyi, komai ya daskare. Da dusa ce mai kauri da ta fi sauƙi, don ƙafa na nutsewa ta kama. Wannan kuwa fatar ƙanƙara ce siririya, garau, ba ka ganinta sai ka hau kanta. Mutanen dutse sun fi tsoron wannan tsakanin, lokacin da kaka ta tafi a sama amma a ƙasa ba a sani ba, don a nan ne irina ke zuwa da kayan birni.

A mararrabar da hanya ta rabu biyu muka tarar da dattijon. Koren na bi ta Siklawa, ruwa mafi tsawon faɗowa a Poland, kusan mita 70, irin Matsirga ta Kafanchan amma ta fi ta tsawo. Baƙar hanyar kuwa na hawa kai tsaye zuwa masauki. A wurin akwai tashar wata igiyar ƙarfe da ake jan kayan abinci da ita zuwa sama, tunda mota ba ta zuwa. Mu Siklawa muke so. Dattijon ya ce falalen dutsen da ke gefenta feshin ruwa ya mayar da shi madubi, mu bi baƙar. Sannan ya tambaya ko muna da rachki. Abokina ya buɗe jaka ya zaro wani abu: roba ce mai miƙewa da ake ɗaura wa takalmi, ƙarƙashinta sarƙa da gajerun haƙoran ƙarfe. Guda biyu ne, na mutum ɗaya. Tun a gida ya ce in saya, na ce kuɗin ya yi yawa a kan abin da zan sa sau ɗaya.

Dabarar da muka yi ko yanzu na tuna sai na yi dariya: muka raba, shi ƙafar dama, ni ƙafar hagu. Muka kama hawa muna ɗingishi kamar agwagi biyu. Ƙafa ɗaya ta kama, ɗaya ta zame. Ba mu yi nisa ba na ɗora ta dama a kan wani faffaɗan dutse, sai kawai na ga sama. Na faɗi a kan ƙugu, na zame kamar taku uku, hannuna ya cafki reshen wani gajeren itace mai rarrafe da ke cike gefen hanyar, shi ya tsayar da ni. Ban ji zafi nan take ba. Abin da na ji shi ne ƙarar fulas ɗina yana gangarawa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, har na daina ji. Abokina bai yi dariya ba, wannan ya sa na san abin ya ba shi tsoro. Ya cire nasa ya miƙo mini ya ce, "Malam, sa duka biyun. Ba ni zan kira Umma in yi mata bayani ba." Fulas ɗin mun same shi a ƙasa kaɗan, ya lotsa amma bai fashe ba.

Wajen sha biyu da kwata muka haura gaɓar ƙarshe, sai kwarin ya buɗe gaba ɗaya.

Babu itace ko ɗaya mai tsawo. A wannan tsayin daji ya ƙare, sai gajerun nan masu rarrafe, sai dutse, sai fari. Tsaunuka sun kewaye wurin kamar bangon akushi, a tsakiya ga ruwa kwance, baƙi wuluk, bakinsa da farin zobe. Wannan shi ne Przedni Staw, tafkin gaba, a gefensa kuma masaukin, ginin dutse da katako mai rufi har kusan ƙasa, wanda ya fi kowane masauki tsayi a tsaunukan Tatra na Poland. Na tsaya ina haki. Bazazzagin ya ce, "To Bakano, ya Dala?" Ban ba shi amsa ba.

A ciki ɗumi ne da ƙamshin miya da warin jiƙaƙƙun safa. Akwai wata al'ada a masaukan dutsen nan da ta burge ni: tafasasshen ruwa kyauta ne, ka zo da kofinka ka ɗiba. Na zo da kayan shayina daga gida, citta da kanumfari, na haɗa mana. Miyar mun bar ta, tunda yawanci da naman alade ake yi, muka sayi sharlotka, wani kek mai tuffa a ciki da aka san masaukin da shi, muka haɗa da dabino da wani cukun tumaki mai hayaƙi da muka saya a Zakopane. Oscypek suke ce masa, gishirinsa da taurinsa sun tuna mini cukun Abzinawa. Na cire kambas na matse safata, ruwa ya zuba kamar na wanke ta.

Lokacin salla a nan a wannan wata abin lura ne. An mayar da agogo baya da sa'a ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka azahar na shiga tun kafin sha ɗaya da rabi, la'asar kafin biyu, rana kuma ta faɗi jim kaɗan bayan huɗu. Muka yi alwala da ruwan famfo mai sanyin da ya sa haƙorana suka yi tsami, muka fita bayan ginin muka sami dutse mai faɗi, muka shimfiɗa rigunan ruwa, muka yi ƙasaru muka haɗa biyun. A gida gabas muke cewa. A nan alƙibla kudu maso gabas take, sai ga shi mun fuskanci ainihin tsaunin da muke shirin tsallakawa gobe. Ina sallamewa na ɗaga ido na ga hanyar, siririn zare a jikin gangare, rabinta a inuwa.

Sauran hasken ranar muka kashe a bakin tafkunan, kuma saboda wannan sa'a biyun nake rubuta duk wannan.

Tsakanin tafkin gaba da babban akwai wani ɗan ƙarami, Mały Staw, zurfinsa bai wuce mita 2 da ɗan abu ba. Shi ya riga ya daskare baki ɗaya. Na durƙusa a bakinsa. Ƙanƙarar ba fara ba ce kamar ta firji, garau take, kana ganin tsakuwar ƙasa ɗaya-ɗaya, da wani ganyen ciyawa da ya maƙale a tsakiya a tsaye, da ƙananan kumfar iska jere sama da juna kamar an zira tsakiya a zare. Na ɗora tafin hannu. Ba jiƙa, busasshiya ce, har tana ɗan kama fata. Taku kaɗan gaba kuma ga Wielki Staw, babban tafkin, zurfinsa mita 79, babu wanda ya kai shi zurfi a duk Tatra, shi ko a jikinsa. Ruwansa na motsi, sai dai baki-baki inda ƙanƙara ta fara kamawa. Sanyi ɗaya, rana ɗaya, ɗaya ya rufe, ɗaya yana buɗe. Dalilin kuwa ruwa ya fi nauyi ne a digiri 4. In saman tafki ya huce sai ya nutse, na ƙasa mai ɗan ɗumi ya taso, haka za a yi ta juyawa har duk ruwan ya sauka zuwa digiri 4, sannan ne saman zai iya tsayawa ya daskare. Ƙaramin ya gama wannan juyin cikin 'yan kwanaki. Babban sai ya ɗauki makonni yana fitar da zafin da ya tara tun watan Yuli. Kuma da yake daga sama ake daskarewa, ƙasan na zama ruwa duk tsawon sanyin.

Sai ƙarar. Iska na turo ƙananan igiyoyin ruwa zuwa gaɓa, su kuma suna karya siririyar ƙanƙarar bakin zuwa faya-fayai, fayafayan na gogar juna. Sautin kamar mace mai awarwaro da yawa tana tankaɗe a ɗaki na kusa. Ba ya tsayawa, ba ya ƙaruwa. Na ce wa abokina ya yi shiru, ya ce ai bai ce komai ba. Muka zauna a kan dutse har sanyi ya ratsa wando. Can sama a gangare wasu awakin dutse guda uku na kiwo a inda dusa ba ta rufe ba, ƙahonninsu gajeru masu lanƙwasa baya kamar ƙugiya. Su ne a tambarin gandun. Akwai wata dabba kuma mai kama da ƙaton gafiya da ke fito in ta ga mutum, daga sunanta hanyar Świstówka ta samo nata, amma ba mu ji ta ba, tun Oktoba suke shiga rami su yi barcin da ba sa tashi sai sanyi ya wuce.

Duk waɗannan tafkuna ƙanƙara ce ta haƙa su. Fiye da shekara 10,000 da suka wuce, tulin ƙanƙara mai kaurin gaske ya cika kwarurrukan nan, yana gangarawa a hankali, yana kankare dutse kamar yadda ake rarake ƙwarya. Da ya narke sai ramukan suka cika da ruwa. In ka san haka, sai ka fara ganin sawunsa ko'ina: duwatsu masu sulɓi kamar bayan kifi, manyan ɓaraguzai da aka ajiye a inda ba su da dalilin zama.

Na zaro waya in ɗauki sautin nan in aika gida. Caji 40 da wani abu ta nuna, na danna, ta mutu. Sanyi ke yi wa batir haka. Da na sa ta a aljihun ciki kusa da jiki da ba ta yi ba. Ba ni da hoton Wielki Staw ko ɗaya da na ɗauka da hannuna. Kafin uku rana ta faɗa bayan tsauni, kwarin ya koma shuɗi-shuɗi, yatsun ƙafata suka daina amsa kira, muka koma.

Da dare rigima ta tashi, kuma ni na tayar. Ta Świstówka sa'a biyu ce zuwa Morskie Oko. In an fasa, sai a sauka duk abin da aka hau, a koma gadar nan, a sake bin kwalta kilomita 6 sama, abin da zai ci sa'a huɗu ko fiye. Na ce hanyar a buɗe take, hukuma ba ta rufe ta sai 1 ga Disamba zuwa 15 ga Mayu, saboda zaftarewar dusar ƙanƙara, yanzu kuwa farkon Nuwamba ne. Gaskiyar magana ba lissafin sa'o'i ne ya dame ni ba. Na san in muka juya saboda takalmina, har mu tsufa Bazazzagin nan zai riƙa ba da labarin a gidan biki.

Dattijon na teburin kusa yana shan shayi da lemon tsami. Abokina ya jawo shi cikin maganar. Ya ce shi ta can ya biyo shekaranjiya. Hukuma ce ta sa 1 ga Disamba, in ji shi, ƙanƙarar kuwa ta riga ta zo, kuma akwai wuraren da hanyar ke ratsa gangare mai tsayi, inda in ka zame ba reshen da za ka kama. Ya nuna mana allon sanarwa na TOPR a bango, masu aikin ceto na wannan tsauni, da tambarinsu na shuɗiyar gicciye da lambarsu, 985. An kafa su a 1909, watanni bayan dusa ta zaftaro ta binne Mieczysław Karłowicz, wani fitaccen mai tsara kiɗa, a watan Fabrairun shekarar. Wanda ya jagoranci kafawar, Mariusz Zaruski, asalinsa matuƙin jirgin ruwa ne. A ɓangaren Poland ceto kyauta ne, a ɓangaren Slovakiya kuwa, wanda ke bayan tsaunin nan kaɗan, sai ka biya, shi ya sa masu hankali ke yin inshora. Sannan ya ce kyauta ne a gare ka, amma wani ne zai bar 'ya'yansa da dare ya fito nemanka.

Abokina ya ce, "Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ni dai ba zan bi ba, in kai za ka bi ga rachki nan." Ya san ba zan tafi ni kaɗai ba. Na yi fushi na kwanta da wuri, a gado na sama, a ɗaki mai mutum goma, wani na minshari kamar injin markaɗe. Ƙuguna ya fara gaya mini abin da ya ɓoye da rana.

Da safe muka sauka. Dattijon ya ara mini sanda ɗaya har gada, a nan ya karɓi abarsa, ya sake duban kambas ɗin, ya yi murmushi ya wuce. Ko sunansa ban tambaya ba.

Kwaltar Morskie Oko wata duniya ce daban: iyaye da kekunan jarirai, 'yan makaranta, mata da takalma masu tsini, waɗanda suka sa na ɗan ji sanyi a raina game da nawa. Wani magidanci Balarabe da iyalinsa ya ji muna magana, ya ji "insha Allahu" a ciki, ya yi mana sallama. A 'yan shekarun nan mutanen ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha sun yawaita a Zakopane, har gidajen abinci na rubuta halal a ƙofa. Tafkin kansa yana mita 1,395, shi ne mafi faɗi a Tatra, zurfinsa ya ɗan haura mita 50. Sunan na nufin idon teku, don mutanen da sun yi imani akwai rami a ƙarƙashinsa da ke haɗa shi da teku. Akwai kifi a cikinsa tun asali, abin da ba kasafai ake samu a tafkunan sama ba, har rafin da ke fita daga cikinsa ana ce masa rafin kifi. An taɓa shari'a a kansa ma, tsakanin Hungary da yankin Poland da ke ƙarƙashin Austriya a lokacin, kotun sulhu ta zauna a birnin Graz na Austriya a 1902 ta ba ɓangaren Poland. Yana da kyau, ba musu. Tsaunuka masu tsayin fiye da mita 2,400 sun miƙe daga bakinsa, ga wani mai tsini da ake kira Mnich a dama. Amma bayan shirun jiya, sai na ji kamar na fito daga masallaci na faɗa kasuwar Kwari.

Sama da shi akwai wani tafkin, Czarny Staw, baƙin tafki, a mita 1,583, tafiyar kamar sa'a ɗaya a kan matakalar dutse. Daga can ake kama hanyar Rysy, ƙololuwar da ta fi kowacce tsayi a Poland, mita 2,499, ta ɗara Chappal Waddi tamu ta Taraba da mita 80. A wannan gangaren ne ranar 28 ga Janairun 2003 dusa ta zaftaro kan ayarin 'yan sakandare daga garin Tychy, mutum takwas suka rasu, wasu ba a same su ba sai da tafkin ya narke bayan watanni. Na san labarin tun kafin in zo. Na kalli matakalar tana ƙyalli a inuwa, na kalli ƙafata, na cire rachki na miƙa wa mai su. Wannan karon ba wanda ya roƙe ni.

Ya bi wasu matasa ya hau. Ni na zauna a kan dutse a bakin ruwa, inda rana ke bugawa, na zuba sauran shayi daga lotsattsen fulas. Agwagi biyu na yawo a inda bai daskare ba. Na cire takalmi na sa ƙafa a cikin hular sanyi. Wata yarinya ta nuna ni tana tambayar babarta wani abu, uwar ta ja hannunta. Bayan kusan sa'a biyu ya dawo, hancinsa na zuba, ya nuna mini hoto: ruwa baƙi, rabinsa a rufe, bangon dutse a kansa, rana ba ta taɓa wurin ba. Ya ce, "Ka yi asara." Na ce na sani.

Sai da muka yi sauri a saukowa, don har ƙarshen Nuwamba doka ta hana tafiya a hanyoyin gandun bayan duhu, saboda namun daji, ciki har da beyar da ke yawo a dajin. Kekunan doki na wuce mu ɗaya bayan ɗaya. A motar komawa na jona waya a cajar abokina ta farfaɗo, na ga Umma ta kira sau uku. Na kira ta na ce mun je ganin tafki a kan dutse.

Ta ce, "Ruwan sha ne?"

Na ce a'a, Umma.

"Wanka kuka yi?"

Na ce an hana ma.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah ya kyauta. Ka dai ci abinci?"

Ranar Litinin na je shago na tambayi kuɗin takalmin dutse, na fito, na zaga titi sau ɗaya, na koma na saya, na haɗa da rachki. Kambas ɗin kwana uku ya yi a kan hita kafin ya bushe, ya fito a murɗe, na dama ya buɗe baki. Na so in jefar, Bazazzagin ya hana. Ya ɗora shi a kan kabad ɗin falo, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa.